Ruwan Maganin Baba Haru

Na manta da ranaku da yawa a aikin nan, amma ban taɓa mantawa da safiyar da aka aike ni wani lambu a ƙauyen Outoul ba. Ku da kuka shigo aikin wuta a bayanmu kuna yawan ƙorafi cewa ina tsananta muku a kan lissafi, alhali hannunku ya fi nawa iya ɗaurin waya. To, ga inda abin ya samo asali.

A lokacin na shekara shida a Tamanrasset. Daga Damagaram na zo da takardar koyon aikin lantarki a aljihu, amma sai da na yi shekara biyu ina dakon bulo a unguwar Gataa El Oued kafin wani Balarabe mai shagon aikin wuta ya ɗauke ni. Mu'allim muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane maigidan sana'a a nan. Tsarin shagon shi ne mu'allim a sama, sai mu biyu da ake iya turawa aiki mu kaɗai, sai masu fasa bango da jan waya. Ina cikin biyun nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ɗan fasa mini kai.

Lokacin sanyi ne, irin sanyin garin nan da ke shiga har ƙashi. Mu'allim ya ce wani mai lambu, Alhaji Akhmadu, yana so ya ƙara injin ban ruwa na biyu a rijiyarsa. Aikina kawai in je in duba ko wayar da ke can za ta ɗauki inji biyu. Na ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ina lissafin kafin azahar na dawo.

Alhaji Akhmadu ɗan ƙasar ne, Tamashek ne harshensa, amma ya yi fataucin Agadas a ƙuruciya, don haka Hausarsa ba ta da laifi. Ya tarbe ni a ɗakin da ke bakin lambu, inda akwatin wuta yake. Daga ɗakin nan waya ta fita, aka binne ta a ƙasa, ta yi tafiyar taku wajen ɗari biyu har rijiya. Makunnin injin kuwa yana can bakin rijiyar. Ma'ana ko an kashe inji, wayar da ke cikin ƙasa tana nan da wuta.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in bayyana abin da muke aunawa. Abu biyu ne na'urarmu ke nuna mana. Na farko bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta cikin waya. Na biyu ampiya, wato yawan wutar da ke wucewa. Daga biyun nan muke fitar da sauran. In ka raba bolt da ampiya, ka sami turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa ta cikinsa, ita kuma da om ake ƙirga ta. In ka ninka bolt da ampiya, ka sami wat, wato yawan ƙarfin da ake ci. Inji yana da ɗan ƙarin lissafi nasa, amma tushen ke nan. Na'urar auna ampiya tana da baki mai buɗewa, sai ka rungume waya da shi ba tare da ka yanke ta ba.

Na auna bolt, ya ba ni ɗari biyu da ashirin, daidai. Na sa aka kunna inji, na maƙala na'ura. Bisa abin da ke rubuce a jikin injin, ampiya shida nake jira. Sai na ga takwas. Na ce wa Alhaji injinsa ya tsufa, yana ci fiye da aikinsa. Ya aika aka kashe, muka ji ƙarar ta ɗauke. Na kai hannu zan cire na'urar, sai idona ya faɗa kan lambar.

Biyu.

Na cire, na girgiza ta, na sake maƙalawa. Biyu dai. Na tambayi Alhaji ko akwai wani abu da aka jona a wayar nan, ko fitila, ko firji. Ya ce babu, inji kaɗai take yi wa aiki.

Na fito da biro na yi lissafin a bayan kwalin shayi. Ɗari biyu da ashirin a raba biyu, om ɗari da goma. Ɗari biyu da ashirin sau biyu, wat ɗari huɗu da arba'in. Wato akwai wani abu a tsakanin ɗakin nan da rijiya mai turjiyar om ɗari da goma, yana shan wat ɗari huɗu da arba'in dare da rana, kuma babu wanda ya san da shi. Waya mai lafiya da aka kashe injinta sifili ya kamata ta nuna. Wutar tana zuba cikin ƙasa a wani wuri.

Na ce, "Alhaji, akwai mutane a cikin lambun?"

Ya ce, "Babu kowa, yaron da na aika ma ya dawo. Ma'aikata sun haura gonar sama tun da safe."

A nan na yi kuskurena na farko. Ƙa'ida ita ce in yanke wutar nan take. Amma neman inda wuta ke zuba ya fi sauƙi in tana nan, ni kuma ina sauri. Na karɓi maganarsa ba tare da na leƙa da idona ba. Na sa takalmin roba, na bar wuta a kunne, na bi layin wayar.

Na wuce fangalin albasa da na karas, na wuce wasu bishiyoyin ɓaure. Gab da rijiya akwai wani gurbi na siminti, tsawonsa bai fi tabarma ba, inda suke wanke kayan lambu kafin a kai kasuwa. Wani bututun ƙarfe ya fito daga ƙasa ya sunkuya cikinsa, bakinsa a nutse a ruwa. A gefen gurbin kuwa wani tsoho ne zaune, ya naɗe wando har cinya, ƙafafunsa biyu cikin ruwa. Kusa da shi wani mutum mai jiki yana tsaye da bokiti, yana motsa abin da ke ciki da kara.

Tsohon shi ne Baba Haru, mutumin Tasawa, wanda ya fi kowa daɗewa a lambun. Na biyun Malam Idi ne, ɗan kasuwa daga wajen Katsina, abokin hirarsa. A lokacin ban san sunan ko ɗaya ba. Na yi sallama, suka amsa da fara'a. Ina shirin cewa su ɗan matsa, sai na lura da ƙafar tsohon. Naman ƙwaurinsa yana motsi shi kaɗai, yana ɗaurewa yana saki, yatsunsa sun lanƙwashe cikin ruwa. Fuskarsa kuwa kamar wanda ake yi wa tausa.

Ya ce, "Ɗana, lahiya kake tsaye kamar an dasa ka? Matso ka ga ikon Allah."

Na ce, "Baba, me kake ji a ƙafar?"

"Magani. Wata ukku ke nan. Da in na duƙa ban iya tashi sai an kama ni. Yanzu in na zamna nan da sahe ruwan ya tsattsaga min jijiya, sai in wuni ina aiki. Ga shi har da ɗumi. Shi ya sa na kirawo Idi, shi ma baya ke damu nai."

Wallahi nan take na gane. Wat ɗari huɗu da arba'in ɗin da nake nema, ga inda suke zuba, kuma ga mutum zaune a tsakiyarsu yana godiya ga Allah.

Na ce, "Mene ne a bokitin?"

Malam Idi ya ce, "Jar kanwa ce, mai kyau, ta Agadas. Tun jiya na jiƙa ta."

Baba Haru ya ƙara da cewa, "Ran nan na jehwa 'yar kaɗan, na ji maganin ya ƙaru. To yau mun ce mu yi mai dalili."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kanwa magani ce, ana sha, ana jiƙa ƙafa a ciki. Babu wanda zai ga laifin tsoho don ya zuba ta a ruwa. Amma ruwan kanwa, kamar ruwan gishiri, hanya yake buɗe wa wuta. Abin da ya bar tsohon nan da rai wata uku shi ne ruwan rijiyar yana turjewa, yana tare mafi yawan ƙarfin kafin ya iso jikinsa. Kuma a daidai lokacin Malam Idi ya yar da kara, ya ɗaga bokitin da hannu biyu ya ce bismillah.

Akwatin wuta yana taku ɗari biyu a bayana. Bayani kuma ba shi da wuri. Na yi tsalle na sa ƙafa na shure bokitin daga hannunsa, ya yi can cikin fangalin albasa. Na juyo na damƙi wuyan rigar sanyin Baba Haru ta baya, na fizge shi kamar buhun gero, na ja shi a ƙasa har inda yake busasshe. Hularsa ta faɗi, rigarsa ta yage a kafaɗa. Mutum ne da ya haifi kamata.

Ya tashi zaune yana haki. "Kai ɗan wa ne? Mahaukaci aka aiko muna?"

Malam Idi ya riga ya ɗauko fartanya. Ni kuwa na ciro wayar salula na kira Alhaji na ce ya kashe komai, ya zo yanzu. Sai da na ga na'urata ta koma sifili sannan na durƙusa na ɗauko hular na kaɗe ta, na miƙa wa tsohon da hannu biyu. Bai karɓa ba.

Da Alhaji ya iso na yi musu bayani. Na ce wuta ce ke bin bututun tana shiga ruwa. Malam Idi ya ajiye fartanya a hankali, ya ce, "Kana nufin shokin ne? Inna lillahi." Shi ya gane nan take. Baba Haru kuwa ya ce ƙarya ce. Ya ce wuta ƙonewa take, ya taɓa ganin wanda ta kama a Arlit, baƙi ƙirin ya zama. Wannan kuwa warkarwa take. Ya ce yaran zamani in sun ga baiwar da ba ta cikin takardarsu sai su ɓata ta.

Maganar ta sosa mini rai, kuma a nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko girma. Na ce zan nuna masa da idonsa.

Na sa kowa ya koma nesa, kan busasshiyar ƙasa. Na haƙa gindin bututun, na sami wurin. Wanda ya binne wayar tun farko ya ɗaure ta a jikin bututun da wayar ƙarfe don kada ta motsa. Duk lokacin da inji ya tashi bututun na girgiza, a hankali ɗaurin ya ci robar har ya kai ga tagulla. Na kira Baba Haru na nuna masa da bakin sukudireba: ga waya, ga ƙarfe, ga ruwa. Sannan na jiƙa sauran kanwar a wani bokiti, na maƙala na'ura, na kafa ƙarfen awo a ƙasa, na sa Alhaji ya je ya kunna wutar, inji kuma yana kashe.

Ampiya biyu. Tsakanin ruwan da ƙasa kuma bolt ashirin. Na ɗaura bokitin a kan doguwar busasshiyar sanda, na tuntsurar da shi cikin gurbin daga nesa. Muna kallo lambar ta fara hawa. Uku. Huɗu. Ta tsaya a biyar.

Na tsuguna na yi lissafin a ƙasa da yatsa, ina faɗa da ƙarfi. Ɗari biyu da ashirin a raba biyar, om arba'in da huɗu. Turjiyar ta faɗo daga ɗari da goma. Ɗari biyu da ashirin sau biyar, wat dubu da ɗari, ƙarfin da zai tafasa tukunyar shayi. Na sake auna ruwan, bolt ashirin ɗin nan ya zama ɗari da sittin. Jikin mutum in ya jiƙe turjiyarsa ba ta wuce kamar om dubu ba. Na raba, na ga abin da zai ratsa tsohon ya ninka abin da ke iya tsayar da zuciya. Ni da na yi lissafin, sai da na sake maimaita shi. Alhaji ya ja rawaninsa ya rufe baki yana salati. Malam Idi ya zauna a ƙasa daɓas.

Baba Haru ya kalli ruwan, ya kalli bututun, ya kalli lambobin da na zana, waɗanda bai iya karanta ko ɗaya ba. Bai ce uffan ba. Na ɗauka shirun nasa yarda ce, har na ji daɗi a raina cewa na ci gardama.

Na yanke wurin da ya lalace, na yi sabon haɗi cikin akwatin roba, na raba wayar da bututun. Da na buɗe akwatin wuta na ɗakin bakin lambu, sai na ga abin da ya sa aka yi wata uku ba a sani ba. Akwai wani ɗan makunni da muke sawa, mai kula da wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga ta ragu ko da kashi talatin cikin dubu na ampiya ɗaya, ya san ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Nasu yana nan, amma wani ya tsallake shi da guntun waya. Alhaji ya ce ya dame su da yankewa ne, wani mai gyara ya zo ya yi maganinsa. Na cire guntun, na sa sabon makunni, na bi da duk wutar lambun ta cikinsa, har ta ɗakin ma'aikata. Da zan tafi na yi wa Baba Haru sallama sau biyu. Ya juya mini ƙeya.

Bayan kamar mako uku injin na biyu ya iso, mu'allim ya ce in koma in haɗa. Ina ɗaure jaka ya ce Alhaji ya kira yana faɗa, wai sabon makunnin nan banza ne, sau huɗu yana yankewa haka kawai da sassafe, ba ruwa ba iska. Mu'allim ya ƙara da cewa, "In ka ga ba shi da kyau, ka tsallake shi zuwa mu samo wani. Kada mu rasa mutumin." Na ce to. Na yanki guntun waya mai kauri na sa a aljihun gaba.

Da na isa na gwada makunnin, na ga lafiyarsa lau. Na auna layin rijiya, sifili. Na tsaya ina tunani, guntun wayar nan a hannuna, har na sassauta sukuru ɗaya. Sai na ji sallama a bayana. Baba Haru ne, yana dogara sanda, ya rame. Ya gaishe ni da kyau, har ya tambayi mutanen gida. Na ji sanyi a raina, na ce tsoho ya huce.

Ya rage murya ya ce, "Ɗana, taimako nike so. Akwatin ga naka ba shi da kirki. Taho ka gani."

Na bi shi ɗakinsu. Ya jawo wata babbar robar wanki daga ƙarƙashin gado. A cikinta akwai guntun rodi, an naɗe shi da waya, ɗaya bakin wayar kuma an fere shi don a cusa a soket. A gefe ga ƙullin jar kanwa.

Ya ce, "Duk yadda ka gwada muna haka na yi. Waya ga ƙarhe, ƙarhe ga ruwa, kanwa bisa. Amma da na sa ƙahwa guda sai shi cije ni, wuta ta ɗauke. Sau huɗu ke nan. Ka cire min abin nan mai yankewa, ko na kwana bakwai ne. Gwiwar ta hana ni barci, kuma in ban iya duƙawa, mi zan yi a lambun mutane?"

Na zauna a bakin gadon. Sau huɗu wuta ta ratsa jikin mutumin nan, ƙafa ɗaya a ruwan kanwa, ɗaya a ƙasa. Sau huɗu ɗan makunnin nan ya ƙwato shi. Ni ne na koya masa yadda ake haɗawa, dalla-dalla, da bakin sukudireba. Ni ne kuma na zo da abin da zai cire masa kariyar, yana cikin tafin hannuna, har ya yi gumi.

Ban yi masa lissafi ba a wannan karon. Na naɗe wayarsa na sa a jakata. Na gaya masa gaskiya cewa da na zo da safiyar jiya na yi abin da aka aiko ni, da yau ana zaman makokinsa. Na koma na ɗaure sukurun da na sassauta, na kira mu'allim na ce makunnin ba zai fita ba, in ya ga dama ya kore ni. Da ya ji dalili, sai ya ce in bar injin sai gobe. Na sami Alhaji na gaya masa komai, har da tsoron da tsohon yake yi na rasa aikinsa. Ya ba da mota muka kai shi likita a gari aka duba gwiwar, daga baya kuma ya mayar da shi wajen tsince iri da ɗaure kaya, aikin zaune. Ko Baba Haru ya yarda cewa ruwan nan ba magani ba ne, har yau ban sani ba. Ban sake tambayarsa ba.

Abin da na koya shi ne lissafi yana gaya maka inda wuta ta tafi, amma ba ya gaya maka abin da ciwo zai sa mutum ya yi. Don haka ku auna, ku raba, ku ninka, kada ku raina ampiya biyu da ba ku san inda ta nufa ba. Kuma duk ranar da maigida ya ce muku makunni yana yankewa haka kawai, ku cire masa shi, kada ku taɓa sukuru ko ɗaya sai kun zagaya gidan ɗaki-ɗaki kun ga ƙafar wa ke cikin ruwa.